Tambaya kan garin Jebba: me ya tara gada, dam da kamfanin takarda a wuri guda?

Ɗan Gusau:

Assalamu alaikum jama'a. Bautar ƙasa ta kawo ni jihar Kwara, da muka fito daga sansani kuma aka tura ni wata sakandare a Jebba in koyar da labarin ƙasa. Kafin yanzu abin da na sani game da garin bai wuce abin da kowane matafiyi ya sani ba, wato gada, layin tireloli, da masu tallar kifi da ke yanyame mota in an tsaya. Da na zauna sai abin ya ɗaure mini kai. Gari ne ɗan ƙarami, amma ga tsohuwar tashar jirgin ƙasa, ga kamfanin takarda, ga dam mai ba da wutar lantarki, ga wani dogon ginin tunawa a kan tsibiri, ga kuma wani dutse tsaye ƙiƙam a tsakiyar ruwa wanda kowa ke ba ni labarinsa daban.

Me ya sa duk waɗannan suka taru a nan, ba su je Ilori ko Bida ba? Kuma su wa aka tarar a wurin tun asali? Ina so in koya wa yaran nan labarin ƙasar da suke takawa kullum, domin littafin da aka ba ni layi biyu kacal ya yi a kan garinsu. Duk wanda ya san wani abu ya taimaka. Na gode.

Baba Na-Jebba:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. A Jebba aka yanke mini cibiya. Mahaifina mutumin Zariya ne, aikin reluwe ya kai shi can tun kafin a ba mu mulkin kai, ni kuma na tashi a kwatas ɗin ma'aikata, daga baya na yi tuƙin babbar mota ina ɗaukar takarda zuwa Kano. Yanzu ina Kaduna, jikata ce ke buga mini wannan a waya, sai ka yi haƙuri da tsawon magana.

Kafin ka buɗe littafi, ka je kan gada da safe ka tsaya. Ka dubi sama, wajen da ruwa ke fitowa: tuddai ne da duwatsu. Ka juya ka dubi ƙasa, wajen da yake tafiya: fili ne shimfiɗe, fadama iya ganinka. Amsar tambayarka ke nan, sauran duk bayani ne. Kogin Kwara yana gangarowa daga Yawuri ya nufo kudu ta cikin ƙasa mai duwatsu, kafin a yi dam kuwa akwai wuraren da ruwa ke gudu a tsakanin duwatsu yadda babban jirgi ba ya iya bi. A Jebba duwatsun ke ƙarewa. Daga nan kogin ya karkata gabas maso kudu ya nufi Lakwaja, ya baje a ƙasar Nufe. Saboda haka jirgin da ya taso daga teku, in ruwa ya cika, yana iya zuwa Jebba, amma nan ne iyakarsa. Dole a sauke kaya. Inda ake sauke kaya kuwa ba a rasa kasuwa, ba a rasa mai karɓar haraji, ba a rasa soja.

Abu na biyu shi ne tsibirin. Ya raba kogin gida biyu, kuma ƙarƙashinsa dutse ne. Wanda zai yi gada yana son wurin da zai kafa ƙafa a kan abu mai ƙarfi, ya yi gajerun gadoji biyu maimakon doguwa guda. In ka gangara ƙasa da Jebba, da damina ruwa kan ci kilomitoci a fadama, ina za ka dasa ƙarfe a cikin taɓo? Shi ya sa har yau garin yake a rabe: Jebba ta kudu tana ƙaramar hukumar Moro a jihar Kwara, ta arewa tana ƙaramar hukumar Mokwa a jihar Neja. Mu muna yara mukan ƙetare daga wannan lardi zuwa wancan don sayen ƙosai kawai.

Maganar su wa aka tarar, a nan sai ka taka a hankali, domin magana ce mai zafi a garin, ta shafi sarauta da filaye. Abin da ba gardama a kansa shi ne ruwan da tsibirin suna hannun Nufawa tun da daɗewa, musamman masu fito da ake kira Kyadya, waɗanda sana'arsu ke nan tuƙin kwalekwale da dakon kaya a kogi. Tudun kudu kuwa Yarbawa ne suka fi yawa. Mu Hausawa baƙi ne, fatauci da soja da reluwe suka kawo mu, ko da yake baƙuntar ta haura shekara ɗari. Ƙasa da Jebba kaɗan akwai Raba, wadda a farkon ƙarni na 19 ta zama babban gari a hannun Malam Dendo, malamin Fulani da ya fito daga ƙasar Kabi. Ya rasu a 1833, zuriyarsa ce ke sarautar Bida har gobe. Fataken da ke tafiya tsakanin ƙasar Hausa da ƙasar Yarbawa ta wannan yanki suke ƙetare ruwa, da jakunansu da kanwarsu.

Dutsen da ka gani shi Turawa suka laƙaba wa Juju Rock. A 1857 wani jirgin ruwan Turawa mai suna Dayspring ya daki dutse a kusa da shi ya farfashe. A cikinsa akwai likita Baikie, wanda daga baya ya zauna a Lakwaja har ya koyi Hausa ya kai ziyara Kano, akwai Samuel Ajayi Crowther, Bayarabe mai wa'azin Kirista, akwai kuma wani hafsan sojan ruwa, Glover. Sun yi zaman jiran wani jirgin a bakin kogin nan kusan shekara guda. Shi wannan Glover shi ne ya tara Hausawa a Ikko a 1863 ya yi rundunar da ake kira Hausawan Glover, wadda sojojin Najeriya ke ƙirga tarihinsu daga kanta. Ragowar ƙarafan jirgin an ajiye su a tashar jirgin ƙasa, mun sha hawa kansu muna wasa ba mu san ko mene ne ba. Ka je ka tambayi ma'aikatan tasha su nuna maka.

Ginin da ke kan tsibiri na tunawa da Mungo Park ne da Richard Lander, Turawan da suka bi kogin nan don su gano inda ya ɓulla. Mutane da yawa suna cewa kabarin Mungo Park ne, har direbobi na nuna wa fasinja. Ba kabari ba ne. Shi a Busa ruwa ya ci shi a 1806, can sama, tsohuwar Busa ɗin ma tana ƙarƙashin tafkin Kainji yanzu. Lander da ƙaninsa su ne suka wuce ta Jebba a 1830 har suka ɓulla teku.

A 1897 sojojin Kamfanin Neja suka ci Bida da Ilori, Jebba ta zama sansaninsu. A nan aka yi babban barikin rundunar da Lugga (Lugard, gwamnan Arewa na farko) ya haɗa, wadda akasarin sojojinta Hausawa ne da Yarbawa. Da gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga hannun kamfani a farkon 1900, Jebba ce hedikwatar Arewa ta farko, har 1902 da aka koma Zungeru, daga can kuma Kaduna a 1917. Ka gaya wa yaranka wannan, domin yawancinsu ba su san garinsu ya riga Kaduna ba. Amma kada ka sa su kumbura, zaman shekara biyu ne kawai, kuma Lugga bai zauna don yana son garin ba, jirginsa ne ya tsaya a nan. Da ya ga Kano da Sakkwato sun yi masa nisa sai ya tattara ya matsa gaba, a 1903 kuwa ka san abin da ya faru, sojojinsa suka ci Kano da Sakkwato.

Abin da ya zaunar da garin da gindinsa shi ne dogo. Layin da ya taso daga Ikko ya iso Jebba a 1909. Gada ba ta samu ba sai wajen 1915 zuwa 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, kafin nan a jirgin fito ake ɗora taragu a ƙetare da su. Ka tuna a lokacin akwai wani layin da ya taso daga Baro, ita ma a bakin Kwara, ya kai Kano a 1911. Da gadar Jebba ta tsaya, gyaɗa da fata da auduga suka riƙa wucewa kai tsaye zuwa Ikko ba a sauke su a jirgin ruwa ba, Baro ta shiga mutuwa a tsaye. Gada ɗaya ta ɗaga wannan gari ta kwantar da wancan.

Ina yaro gadar nan ta jirgi ita ce ta mota, ba a yi ta mota daban ba tukuna. In jirgi zai wuce sai a tare motoci ta kowane ɓangare, wani lokaci a daɗe. Wannan jiran shi ya ciyar da rabin garin. Mahaifiyata tuwon shinkafa take yi da miyar kifi, mu muke kai wa bakin tasha a kan faranti. In jirgin Ikko zuwa Kano ya tsaya, cikin ɗan lokaci sai ka sayar da komai ta taga, wani ya miƙo kuɗi jirgi na tafiya kana binsa da gudu da canjinsa. Huhunan goro na hawa arewa, shanu na gangarawa kudu a taragu, mu muna tsakiya muna cin rabonmu daga kowa.

Na gaji, jikata ma ta gaji. Maganar kamfani sai an jima.

Basarken Yawuri:

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ɗan masunta ne, Sarkawa, iyayena daga Yawuri suka gangaro tafkin Jebba da su, saboda haka bari in ƙara wa malam abin da ya shafi ruwan kansa, tunda labarin ƙasa zai koyar.

Kogin nan sau biyu yake cika a shekara. Na farko shi ne farin ruwa, daga wajen Agusta zuwa Oktoba. Wannan ruwan damunarmu ne, na gulaben Sakkwato da Zamfara da Kontagora, yana zuwa da laka, ka ɗebo a ƙwarya ba ka ganin gindinta. Malam Ɗan Gusau, gulbin da ya ratsa ta garinku shi ne ke bi ta Sakkwato da Argungu da Birnin Kebbi ya faɗa Kwara, ke nan ruwan da ya sauka a kan rufin gidanku yana iya wucewa ta ƙarƙashin gadar da kake tsayawa. Na biyu shi ne baƙin ruwa, wanda ke isowa da rani, daga wajen Disamba har zuwa Maris, lokacin da ko ɗigo ba a yi a nan. Shi a tsaunukan Gini ya sauka tun damina, ya shiga fadamun Masina a ƙasar Mali ya yi watanni yana tafiyar hawainiya, lakarsa ta kwanta a can, sa'an nan ya biyo ta Tumbutu da Gawo da Yamai ya iso mana garau. Ba don baƙin ruwan nan ba, da injinan wuta sun sha wuya da rani.

Dam biyu ne a jere. Kainji tana sama, an gama ta a 1968. Ta Jebba an buɗe ta a 1985, tazararsu kamar kilomita 100. Ruwan da ya juya injinan Kainji shi ne ke gangarowa ya taru a tafkin Jebba ya sake juya wasu injina shida, kowanne megawat 96.4, jimla 578 da 'yan kai. Ruwa ɗaya, aiki biyu.

Mu abin da ya canja mana shi ne yanzu ba sama kaɗai muke kallo ba, har da ƙofofin dam. In tafki ya cika da farin ruwa dole a saki, in an saki kuwa manoman shinkafa da rake na ƙasa, wajen Mokwa da Lafiyagi da Patigi, su ke kwana da ido ɗaya. A tafki muna samun giwan ruwa da karfasa da kurungu da ragon ruwa, da taru ko mamari, matanmu su yi banda a kai bakin titi. Amma dattawanmu sun ce kifin fadama ya ragu, domin kifi a cikin ciyawar da ruwa ya rufe yake ƙwai, in ruwa bai hau a kan lokacinsa ba ko ya janye da wuri, an yi asarar zubi guda.

Direban Tirela:

Ni ba ruwana da tarihi, amma na san hanyar. Daga Ilori zuwa Jebba bai kai kilomita 100 ba, ta Bode Sa'adu, daga Jebba zuwa Mokwa kamar 40. Akwai shekarun da wannan ɗan tsakanin sai ya ci maka kwana biyu saboda lalacewar titi, tanka ɗaya ta faɗi kowa ya kashe mota ya shimfiɗa tabarma. Da gadar Tatabu ta karye a watan Yunin 2017, tsakanin Jebba da Mokwa, a lokacin mutane suka gane abin da wurin nan yake riƙe da shi. Tumatir da albasa suka ruɓe a mota, dabbobi suka galabaita, mai ya kasa hawowa. Malam ka gaya wa ɗalibanka, duk wanda ya ci naman sa a Ikko ko ya sha mai a Kontagora, akwai yiwuwar abin ta ƙofar gidansu ya wuce. Kuma in za ka sayi banda kada ka saya a bakin gada inda mota ke tsayawa, ka shiga cikin gari, rabin kuɗi ne.

Malama Mai Tarihi:

Sannunku da ƙoƙari. Baba, a gafarce ni, ina da ɗan ƙorafi. Bayaninka ya yi daɗi, amma ka yi saurin tsallakawa zuwa kan Turawa, alhali abin da ya fi komai daraja da aka samu a tsibirin nan ya girmi zuwansu da ɗaruruwan shekaru.

A tsibirin Jebba da ƙauyen Tada da ke ƙasa da shi an daɗe ana ajiye da wasu mutum-mutumi na tagulla, waɗanda Nufawa ke dangantawa da Tsoede, wanda ya kafa daularsu. Labarin baka ya ce daga Idah ya gudo ta kogi, ya riƙa ajiye su a garuruwan bakin ruwa. Na Jebba akwai wani maharbi da kwari a bayansa. Na Tada akwai wani mutum zaune, ya naɗe ƙafa ɗaya, an zuba shi da jan ƙarfe kusan zalla, kuma masana sun ce aikin irin na Ife ne, na wajen ƙarni na 13 zuwa 14. Mutanen garin sukan kai shi bakin kogi ranar Juma'a su goge shi da tsakuwa, shi ya sa jikinsa ya side. Yanzu yana gidan tarihi na ƙasa a Ikko.

Dalilin da ya sa na kawo wannan, ƙanena mai bautar ƙasa, shi ne jan ƙarfe ba a haƙa shi a Jebba. Daga nesa aka kawo shi, gwanin da ya zuba shi ma daga wani wuri yake. Ke nan wurin nan hanya ce ta manyan kaya tun kafin a san za a yi dogo. Turawa ba su ƙirƙiri mashigin ba, tarar da shi suka yi suka ɗora masa ƙarfe. In ka fara wa yara darasi daga Mungo Park, ka koya musu cewa garinsu ya fara ne ranar da baƙo ya gan shi.

Ɗan Gusau:

Kai, Allah ya saka da alheri, na cika shafi huɗu. Malama na karɓi gyara, daga Tsoede zan fara. Baba, muna jiran maganar kamfanin takarda. Iyayen yara da yawa in na tambaye su sana'a sai su ce da can a kamfani suke, yanzu noma ko acaɓa. Me ya faru?

Baba Na-Jebba:

Malama ta yi gaskiya, 'yata, ni abin da idona ya gani da abin da na ji a bakin ma'aikatan tasha na fi riƙewa. Maharbin nan na ji labarinsa wurin tsofaffin Nufawa.

To ɗana, takarda. Abu huɗu kamfanin takarda ke so: ruwa mai yawa wanda ba ya yankewa, itace, wuta, da hanyar fitar da kaya. Jebba tana da kogi, tana da daji a bayanta, Kainji na sama da ita, dogo da titi sun ratsa ta. Shi ya sa gwamnati ta kafa shi a nan, ya fara aiki a ƙarshen shekarun 1960. Ba takardar rubutu yake yi ba, wannan mutane kan ruɗe. Takarda ce mai kauri, ruwan ƙasa, wadda ake buhun siminti da kwali da ita. Uku gwamnati ta yi a ƙasar nan, kowanne da aikinsa: na Jebba na kwali da buhu, na Oku Iboku a Akwa Ibom na takardar jarida, na Iwopin a Ogun na farar takarda. A tsakiyar shekarun 1980 aka faɗaɗa na Jebba har aka ce zai iya fitar da tan 65,000 a shekara.

Ka ga yadda ake yi. A kawo gungume a ɓare shi, inji ya daddatsa shi ƙanana, a dafa da magani a wata ƙatuwar tukunya har ya saki ya zama ɓawo-ɓawo, a wanke, a dama shi da ruwa tsululu, a zuba a kan wata doguwar raga mai gudu. Ruwa na tsiyayewa, abin na bi ta cikin manyan ƙarafa masu zafi suna matse shi suna busarwa, can ƙarshe sai ga takarda tana naɗuwa a dunƙule, kowane naɗi ya fi mutum tsawo in an tsayar da shi. Ranar da ake dahuwa iska kan kawo wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, baƙo ya toshe hanci, ɗan gari kuwa ya ce kuɗi ne ke ƙamshi. Irin waɗannan naɗin nake ɗorawa a mota, a sa musu katako a gindi kada su mirgina, a ɗaure da sarƙa, a rufe da tamfol domin ruwan sama ɗaya ya isa ya lalata lodi. Daga nan sai Mokwa, Tegina, Birnin Gwari, Kaduna, Kano, in sauke a Bompai ko Sharaɗa inda masu yin kwali suke.

Lokacin garin ya yi kyau. Jiniya ta yi kuka, masu aikin dare na fitowa masu aikin safe na shiga, kekuna da babura sun cika hanya. Ƙarshen wata mahauta sai sun ƙara yanka. Ga kuma Bacita nan kusa, a ƙasar Edu, inda kamfanin sukari ya fara aiki tun shekarun 1960 da gonakin rake a fadama. Da kaka mutanenmu kan gangaro daga Sakkwato da Katsina cin rani su yi saran rake. Da aka zo ginin dam kuma, wajen ƙarshen shekarun 1970 zuwa 1985, ɗakin haya sai da ya gagara.

Abin da ya karya kamfanin, a nawa ganin, an gina shi da ƙafa ɗaya a gida ɗaya a waje. Itacen dajinmu gajeren zare gare shi. Buhun siminti kuwa yana son dogon zare mai ƙarfi, irin na itatuwan ƙasashen sanyi, wannan sai an sayo daga waje a gauraya. Maganin dahuwa daga waje, kayan gyaran inji daga waje. Muddin naira na da ƙarfi ba wanda ya damu. Da aka karya darajarta daga 1986, kuɗin waɗannan kaya ya ninka, kamfanin gwamnati kuma ka san yadda yake, sai wasiƙa ta je Ikko ta dawo kafin a sayi ƙusa. Ɗan ƙarfe guda ya lalace a tsaya wata. Mu direbobi mu muka fara gani, domin lodi ya riƙa ja baya, daga kullum ya koma mako-mako. Zuwa tsakiyar shekarun 1990 inji ya yi shiru. Sauran biyun ma ba su tsira ba, Bacita ita ma ta bi sahu. A 2006 aka sayar da na Jebba ga 'yan kasuwa masu tushe a Indiya, suka tayar da shi bayan 'yan shekaru, amma da tsofaffin kwalaye da takardun da aka yar suke aiki, ba da gungume ba. Wato yaran da kake gani a Kano da Ibadan suna tsintar kwali suna ɗaurewa, wani abin nasu can yake ƙarewa. Aiki ne, ban raina ba, sai dai bai ɗauki mutane kamar da ba.

Dam kuwa kada ka ɗauka tana ɗaukar mutane da yawa. Lokacin gini ne ake neman dubbai, in an gama injiniyoyi kaɗan sun isa. Tun 2013 'yan kasuwa ke tafiyar da ita tare da ta Kainji. Wutar kuma ba ta garin ba ce, hawa manyan wayoyi take yi ta shiga layin ƙasa baki ɗaya, sa'an nan a rabo wa kowa, har da wanda ke jin ƙarar ruwan daga ɗakinsa. In an ɗauke wuta a Jebba, ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan, kuma za ka ji mutanen gari na faɗin abin da ya fi haka zafi. Sabon abin da ya shigo yankin shi ne kamfanin sukari na Sunti wajen Mokwa, da aka buɗe a 2018, shi ma fadamar ce ta jawo shi.

In za ka fita da yaran, ka fara da kan gada da sassafe kafin rana ta yi zafi, domin zafin Jebba a watan Maris da Afrilu ba wasa ba ne, duwatsun nan riƙe shi suke yi har dare. Daga nan tsibiri, sai tasha. Dam ba a shiga haka kawai, sai shugaban makarantarku ya rubuta takarda tun da wuri an ba ku rana. Dutsen kuwa ku kalle shi daga tudu. In wani mai kwalekwale ya ce zai kai ku gindinsa da araha, kada ka sa ɗan kowa a ciki ba rigar ruwa, kuma ka fara tambayar masunta ko an saki ruwa a ranar.